Murfin Motar Alhaji Na'Allah

Bayan la'asar Sodangi ya bar rijiyar Turba, jarka ɗaure a bayan babur, buhu da wuƙa rataye a kafaɗa. Shekarar fari ce, damina biyu ba a cire ko dami ba. Ruwan jarkar na Alhaji Na'Allah ne, ɗan kasuwar hatsi a Sabon Birni, kuma ba na sha ba ne, na gugar jikin mota ne.

Alhaji ya ga hoton wata jar motar tsere ta zamanin da a kalandar da ya zo da ita daga Maraɗi, mai kujera biyu, ba rufi. Ya sayi ƙwarangwal ɗin tsohuwar mota ƙirar Bitil, ya ce a yi mata jiki irin na hoton. Duk ƙasar Gobir Sodangi kaɗai ya iya aikin faiba: a shimfiɗa zaren gilashi cikin mazubi, a shafe shi da ruwan gam, ya daskare ya fito tamkar ƙarfe. Hannunsa na dama shi ne abincinsa, shi ne kuma abin taƙamarsa. An gama ƙofofi da gefuna, saura murfin gaba, sai zaren ya ƙare, ba kuma inda za a samo wani. Nan dabara ta faɗo masa. Gashin wutsiyar shanu zai riƙe gam, ga mushe kuwa ko'ina a daji.

Ya yanki wutsiya bakwai kafin rana ta yi ja. Wari ya cika masa hanci, ƙudaje na bin fuskarsa.

A gindin wata busasshiyar ƙirya ya hango ta takwas. Farar saniya ce kwance, gashin wutsiyarta dogo har yana jan ƙasa. Wata tsohuwar Bafulatana ta ɗora kan saniyar a cinyarta. Haƙarƙarin dabbar na ɗagawa a hankali. Ko ƙuda ɗaya babu a wurin, amma bai kula ba.

"Ɗana," in ji tsohuwar, murya ƙasa-ƙasa, "na ji motsin ruwa a bayanka. Jiƙa mata halshe kawai."

"Inno, wagga ta mutu, labari ne bai kai gare ta ba," ya ce yana dariya. "Ruwan da mai shi."

"Cikin tafin hannu ɗai nika roƙo."

Ya tsuguna, ya naɗe gashin a hannu, ya sa wuƙa. Saniyar ta motsa, wuƙar ta zarce ta tafi da tsinin wutsiyar. Jini baƙi ya ɓata masa yatsu. Ya kwance jarkar, ya wanke hannu da wuƙa a gabansu, ruwan na zuba cikin rairayi. Saniyar ta miƙo harshe, bai kai ba.

Tsohuwar ta dube shi, ba fushi a fuskarta.

"Ba komi," ta ce. "Za ta zo ta sha."

Washegari ya shimfiɗa gashin cikin mazubi, farin a tsakiya, ya shafe da gam. Gam yakan yi zafi in yana daskarewa, sannan ya huce. Wannan bai huce ba. Kwana uku murfin na nan da ɗumi kamar jikin mai rai.

Da ya fara guga da takardar samfefa sai ya ga wani abu. Zai zuba ruwa, kafin ya sa hannu wurin ya bushe. Ya sake zubawa, ya sake bushewa. Jarkar ta ƙare. Alhaji ya aiko da ganga guda daga gidansa, mata na kan layi a ƙofar da tuluna suna kallo ana mirgina ta. Ita ma ta ƙare a yini biyu.

"Kai Sodangi, sha kaka yi ko wanka?" in ji Alhaji. "Juma'a nika son in shiga garin Isa da ita. Sai mutanen garin sun tashi tsaye."

"Zafin rana ne, Alhaji. Za ni gama."

Ranar Alhamis ya fesa jan fenti. Da yamma ya tsaya shi kaɗai a rumfar aikin da ke bayan gidansa, yana shafa murfin don ya ji ko akwai kurji. Aka kira magariba. Ya ce a ransa bari ya ƙarasa wannan gefen tukuna.

Sai warin gam ya ɗauke. Wani ya maye gurbinsa, warin garke, kashin shanu da tsohuwar ƙwaryar nono.

Ya ja hannu. Hannun bai taso ba.

Ya sake ja. Tafin ya manne kamar an ɗinke shi. A ƙarƙashin fentin ya ga fararen zaruruwa suna kaɗawa, hagu, dama, yadda saniya ke korar ƙuda.

Murfin ya ɗaga kaɗan, ya sauka. Ya sake ɗagawa.

Sai ƙarar lasa. Laf. Laf. Wani abu mai kaushi na bin tafin hannunsa daga ciki.

Gumin goshinsa ya ƙafe. Yawu ya ƙafe. Ya so ya yi salati, harshe ya manne a ganɗa. Yana kallo jijiyoyin bayan hannunsa suka lotsa, fatar ta yamutse, yatsun suka kankance kamar busasshiyar kuɓewa.

A bayansa aka yi magana, dab da kunnensa.

"Tsaya, ɗana. Kaɗan-kaɗan taka sha."

Bushewar ta wuce wuyan hannu. Ta doshi gwiwa.

Ƙarar takalmi. Laraba ce matarsa, ta ga bai fito salla ba ta kawo masa buta.

"Maigida, an fa sallame."

Ya juyo da ido kawai. Da ƙyar iska ta fito daga maƙogwaronsa.

"Zuba... ƙasa... gabanta."

Laraba ta ga hannun. Ba ta yi tambaya ba. Ta jawo kwanon gam wanda ba komai a ciki, ta yi bismilla, ta juye butar kaf, ta tura shi gaban motar da ƙafa.

Lasar ta tsaya.

Ruwan kwanon ya fara raguwa, ba bakin da ke sha. Hannun ya saki. Sodangi ya faɗi da baya, Laraba ta kama wuyan rigarsa ta ja shi a ƙasa har cikin gida, tana karanta abin da ya zo bakinta.

Da safe Alhaji ya zo da sabuwar malum-malum. Sodangi ya fito da hannun dama naɗe cikin tsumma, ya ce gam ne ya ƙone shi. Ya san abin da ke cikin murfin. Ya kuma san in ya faɗa, motar a rumfarsa za ta kwana. Ya miƙa makulli da hagu.

Alhaji ya ɗora tafinsa a kan murfin.

"Har da ɗumi," ya ce yana murmushi.

"Sabon fenti ne," in ji Sodangi.

Bai isa Isa ba. Masu dawowa daga Juma'a suka tarar da motar ta bar hanya, tana tsaye a gindin wata busasshiyar ƙirya. Alhaji na zaune a kujera, a bushe, ba rai. Mutum ɗaya ya ɗauke shi, ya ce bai kai nauyin tabarma ba. Murfin kuwa sanyi ƙalau, raɓa kwance a kansa.

Hannun Sodangi bai dawo ba, aikin faiba ya ƙare a garin. Duk magariba Laraba kan ajiye kwanon ruwa a ƙofar gida kafin ta tayar da salla, kuma kwanon bai taɓa kwana da ruwa ba. Da aka samu damina mutane suka ce ta daina, ai tabkuna sun cika. Ta gwada rana ɗaya. Kafin ta sallame ta ji Sodangi na kiranta ƙasa-ƙasa daga zaure, ya kasa ɗaga hannunsa na hagu daga bango.