Wurin da Manase Ya Yanke

"Manase, ina sauran?"

Heilala ta tsaya a kansa cikin ɗan shagonsa na gyaran waya da ke bakin teku a tsibirin Lifuka na ƙasar Tonga, idonta a kan kwamfuta. Bidiyon jana'izar mahaifinta ne, wanda kawunta ya ɗauka da tsohuwar kyamarar gida. Abin da aka yini ana ɗauka, ga shi ya koma ɗan guntu.

"Haba sanyin idona, nauyi ya yi masa yawa. Intanet ɗin tsibirin nan ba zai kai shi Auckland ba. Na matse shi da ƙarfi, fuskoki suka dame kamar kunu... sai na yanke inda ba a komai."

"Inda ba a komai! Gwaggo Seini za ka aika wa wannan?"

Ko yaro a Tonga ya san maganar yayar uba yankan wuƙa ce. Ciwo ya hana Gwaggo tasowa daga Auckland zuwa binne ƙaninta, kuma har yau ba ta ce e ko a'a a kan auren Heilala da Manase ba.

"Ai duk waƙoƙin coci na bar mata..."

"Wa ya ce maka waƙa take nema, mai kan kwakwa? So take ta ga wa ya zo, wace tabarmar makoki ya ɗaura a ƙugu! Kunna min na asalin."

Yaran yanzu ke nan, sauri ya haifi nawa. Ya kunna.

Hoton ya buɗe cikin hasken safiya mai ruwan zuma. Baƙaƙen riguna suna tafe a layi, tabarmi na kaɗawa, teku na numfashi a bayansu. Heilala ta ji kamar mafarki take, kamar Baba zai ɓullo daga inuwar kwakwa ya kira sunanta.

Sai kyamara ta juya bayan gida, inda ake gasa abinci a rami. Cikin hayaƙi ga wani saurayi yana jan duwatsu masu zafi, ya naɗe jikinsa da tsohuwar tabarma yagaggiya tun daga ƙafa har kafaɗa, irin wadda ba mai ɗaurawa sai ɗan gida da ya ƙasƙantar da kansa ga mamaci. Hawaye yake sharewa da bayan hannu.

Ita ranar tana ɗaki wajen gawa, ba ta gani ba.

"Manase... kai ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba a ba ni ke ba tukuna. Na ji tsoron ta ce na yi shisshigi."

"Mayar da shi," ta ce. "Ko ƙiftawar ido kada ka cire, rabin raina."

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Wannan karon ya bar na'ura ta yi aikinta a hankali, tana rage nauyi ba ta taɓa fuska ba, har saƙar kowace tabarma ta fito raɗau. Ya tura, suka zauna jira.

Da kiran Gwaggo ya zo, Heilala ta ɗauka.

"Na ga kowa, 'yata. Na ga waɗanda suka zo, na ga waɗanda ba su zo ba. Wane ne wancan da hayaƙi ya baƙanta a bakin rami?"

"Shi ne, Gwaggo..."

Gwaggo ta gyara murya.

"Wa ya ba shi izinin ɗaura wannan tabarma?"

"Babu kowa."

"To ki faɗa masa ya yi rashin kunya." Tsohuwar ta ja hanci. "Kuma ya adana ta da kyau. Ranar tawa jana'izar, ita nake so surukina ya ɗaura."