Lamba Tara

Tun da Injiniya ya auri Malama bai taɓa damuwa da wayarta ba, sai da mahaifiyarsa ta sa baki. Malama ce shugabar wata ƙungiyar matasa mai sauraron waɗanda damuwa ko shaye-shaye suka sha kansu. Dokarsu guda ce: ba a ajiye sunan mai kira, lamba ake ba shi.

Ran Asabar da hantsi Mama na zaune a falonsu, wayar aikin Malama ta yi ƙara. Malama ta ɗauka, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

"Sau uku ke nan tun zuwana," in ji Mama. "Kuma muryar namiji na jiyo. Kai dai zauna nan kamar an dasa ka."

Kishi ba ya neman shaida. Nan take Injiniya ya tuna har murmushi take yi in ta ga kiran Lamba Tara a wayar. Tana fitowa ta ajiye wayar a kan tebur, ya tare ta.

"Wane ne Lamba Tara?"

"Amana ce, Injiniya. Wallahi babu abin da kake zato."

"To faɗi sunansa mana."

"Ba zan iya ba."

Mama ta tafa hannu. "Ka ji ko? In ba za ta faɗa ba, ta tafi gidansu!"

Malama ta dube shi, tana jiran ya kare ta. Ya kau da kai. Ta koma ɗaki tana hawaye, ya ji ta jawo akwati.

Sai wayar ta sake ƙara a kan tebur. Lamba Tara. Ya fizge ta, ya kara a kunne.

"Anti, na manta ban gaya miki ba, yau kwana arba'in ban sha ƙwaya ba. Don Allah kar Yaya ya ji, kunyarsa nake ji."

Muryar Auta ce, ƙaninsa, wanda duk gidan ke alfahari da shi a jami'a. Kunya ta rufe Injiniya. Ya kashe wayar.

"Wane ne?" Mama ta miƙe. "Faɗa mini!"

Ya dubi mahaifiyarsa, sannan ya dubi matarsa da ke tsaye bakin ƙofa riƙe da akwati. Ya je ya karɓi akwatin daga hannunta.

"Amana ce, Mama. Ba zan iya faɗa ba."

Mama ta fita tana faɗa, wai shi ma an shanye shi. Sai a ranar Injiniya ya san nauyin da matarsa ke ɗauke da shi. Mai riƙon amana yakan sha zargi, amma haƙurinsa ba ya faɗuwa ƙasa banza.