Gilashin da Ba Shi da Shaida

Ranar da aka kore ta daga ɗakin gwajin asibiti, ko farar rigarta ba a bari ta ninke ba! Kawu, shugaban sashen, ƙanin mahaifiyarta da ya riƙe ta tun tana marainiya, shi ya fizge katin aikinta a gaban kowa.

"Ke kika kashe matar mutane! Fita, butulu!"

Matar da ake magana tela ce, ta zo da wani baƙin tsiro a tafin ƙafa. Aka yanki tsokar aka kawo. Aikin ɗakin shi ne a ɗora siririn yankinta a gilashi, a zuba rinin da ke kama furotin ɗin mugun ciwon dajin fata: in ya yi ruwan ƙasa, mugu ne, in ya fito fari, mai sauƙi ne. Na tela ya fito fari fat, aka sallame ta da murna. Wata bakwai ciwon ya cinye ta, ta bar 'ya'ya uku.

"Kawu, wallahi ranar ba ni na rina ba, 'yarka da muke aiki tare ce..."

Mari ya ɗauke sauran maganar. A gida matar Kawu ta watso mata kaya waje, wanda zai aure ta ya daina ɗaga waya, mijin tela kuwa ya tare ta a titi ya tofa mata yawu a fuska. Ba ta goge ba sai da ta isa ɗakin ƙawarta, ta faɗi bisa sallaya tana kuka kamar ranta zai fita.

"Allah ya isa! Ya Allah, kada ka ɗauki raina sai na ga idon Kawu a ƙasa!"

Shekara guda tana rubuta wa hukumar lafiya takarda, kafin aka kafa kwamiti. Kawu ya shigo yana taƙama, 'yarsa na taunar cingam.

Marainiya ta miƙe. "Ranka ya daɗe, a ɗauko gilashin tela. Duk wanda ya san aikin nan yana ɗora shaida a gefe, wato 'yar tsokar da aka riga aka san muguwa ce. In ita ma ba ta kama ba, rinin ne ya lalace."

Tsohuwar likitar da ke jagoranci ta leƙa madubin ƙara girman abu. Babu shaida! Aka zaro gilasai ɗari na marainiya, kowanne da tasa. Aka zaro na 'yar Kawu, ko ɗaya babu, wai ɓata lokaci ne. Aka sake yanko ragowar tsokar da ke ajiye cikin kakin kyandir, aka zuba sabon rini, sai ga ruwan ƙasa ya cika gilashi.

"Baba ne ya ce in yi shiru!" 'Yar ta fashe da kuka. "Na manta ban mayar da rinin firiji ba kwana uku..."

Aka ƙwace lasisinsu, aka miƙa su kotu, marainiya kuma aka mayar mata da katinta. A bakin ƙofa Kawu ya kama gefen rigarta, hawaye har gemu.

"'Yata, ki yafe mini, don darajar mahaifiyarki."

Ta zare rigarta a hankali.

"Na gode da riƙo, Kawu. Yafiya kuwa, je ka nema wurin tela. In ta amsa maka daga kabarinta, ni ma na yafe."