Baƙin Tabo a Kwalayen Araceli

Rigoberto Salcido mugu ne, kuma ba zan sakaya ba. Ya ci abincin gidan Don Eusebio Quintero tun yana ɗan makaranta, ya girma ya rusa sana'ar dattijon da hannunsa, don kawai yarinya ta ce ba ta son sa. Garejina yana manne da ɗakin kayansu a kudancin garin Fresno. Rabin abin da zan faɗa a gabana aka yi, sauran daga bakin waɗanda abin ya faɗa wa na ji.

A layin gidan waya aka fara. Araceli, 'yar Don Eusebio tilo, ta rungumo kwalayen zabibi da busasshen ɓaure da barkono, waɗanda take sayar wa mahaifinta a intanet. Adireshin kowane kwali a farar takarda ta buga shi, ta yanke da almakashi, ta naɗe da salatif har ba a ganin kwalin. Ɗaya ya suɓuce. Saurayin da ke bayanta ya ɗauka, ya juya shi.

"Wannan kwali ne, ko karaya aka ɗaure?"

"Ba ni kayana. Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa. Salatif ɗin ne ya ba ni tausayi."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Sunansa Teng Moua, ɗan ƙabilar Hmong, yana aika kayan surfanin mahaifiyarsa. Ya nuna mata nasa ƙunshin: sitika ɗaya fara tas, adireshi a sama, zanen lambar da injin gidan waya ke karantawa a ƙasa. Kafin layi ya iso kansu ta karɓi lambarsa, wai don maganar firinta.

Da maganar firinta aka fara kam. Ta tura masa hotunan firinta guda uku ta ce ya zaɓa.

Ya rubuto: "Ta farko kar ki saya, sitikar kamfaninta kaɗai take karɓa, za su riƙe ki a wuya har abada. Ta biyu ƙarama ce. Ɗauki ta uku, mai inci huɗu da shida. Ki haɗa ta da kwamfuta da igiya, rufin kwano ne a ɗakinku, sabis ba ya zama."

Ta amsa: "To, Injiniya. Wa zai haɗa?"

"Wanda ya ji tausayin salatif."

Ran Asabar ya zo. Don Eusebio ya tsaya a kansa hannuwa a harɗe. Rigoberto, da muke kira Rigo, yana jingine da ƙofa. Shi ne direban motar kayan gidan, kuma Don Eusebio ne ya riƙe shi ranar baftisma, shi ya sa yake kiransa Padrino, wato uban baftisma. Ya taɓa neman Araceli, ta ce masa ita a matsayin yayanta ta ɗauke shi. Tun daga nan bai sake ɗaga maganar ba, kowa ya zaci ta wuce.

Sitikar farko ta fito da rubutu mitsitsi a kusurwa ɗaya.

Rigo ya tuntsire. "Padrino, ka ga ƙwararre. Tururuwa za mu fara aika wa kaya."

Teng bai ɗago ba. "Kwamfutar tana zaton babbar takarda ce." Ya shiga ya sauya girman takardar, ya danne maɓallin firintar har ta zaro sitiku biyu ta gane inda kowace ta ƙare. Ta gaba ta fito cif.

"Ina ake zuba tawadar?" in ji Don Eusebio.

"Ba ta shan tawada, Don Eusebio. Zafi ne ke rubutun. Takardar ce ke yin baƙi duk inda zafi ya taɓa." Ya ɗauki sitikar da ta lalace, ya kunna injin hura zafin da suke liƙe bakin kwalba da shi, ya kara ta. Nan take ta koma kamar gawayi. "Don haka a nisanta ta da wuta. Shi ne kawai laifinta."

Kowa ya yi mamaki, kowa ya manta. Rigo bai manta ba.

Kafin ya tafi Teng ya ce zai yi gwaji na ƙarshe. Ya buga sitika ɗaya ya miƙa wa Araceli a ɓoye. Babu adireshi a jiki, kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe: BARKONONA. Ta liƙa ta a gaban motarta, kusa da sitiyari.

Ni ban yarda da soyayyar waya ba, na sha faɗa. Amma wannan yaro ya zo gida ta ƙofar gaba, ya cire hula, ya ce aure yake nema. Don Eusebio ya hana shi kujera.

"Ba ka zuwa cocinmu, ba ka jin yarenmu. Uwarka za ta zaunar da 'yata a kicin, ni in mutu ni kaɗai cikin ɓaure."

"Baba, ko sau ɗaya ba ka ga mahaifiyarsa ba," in ji Araceli.

"Ba ki da baki a nan."

Teng ya ce, "Zan jira, Don Eusebio."

"Ka jira a waje."

Da yamma ya rubuta mata: "Barkonona, kar ki yi masa rashin kunya saboda ni. Tsoro yake ji, ba ƙiyayya ba. Kin ci abinci?"

"Ban ci ba. Injiniyana, idan ya ƙi har abada fa?"

"To har abada zan riƙa zuwa duba firinta."

Ana cikin haka zafin bazara ya sauka, kwalaye suka fara dawowa. Kowane da baƙin tabo a kan adireshin mai saye da kan zanen lambar, gidan waya ya kasa karantawa ya mayar. Ɓauren da ya kwana a mota ya dawo a narke yana tsami. Masu saye suka cika shafin shagon da zagi.

Rigo ne ke sauke su a gaban dattijon, ɗaya bayan ɗaya.

"Ni dai ban ce komai ba, Padrino. Amma shi da bakinsa ya ce takardar ba ta son zafi. A Fresno! Wa ya sani ko masu injin sun ba shi nasa kason?"

Don Eusebio ya ce in ya sake ganin Teng a layin zai kira 'yan sanda. Araceli ta sauya naɗin sitiku, ta rage ƙarfin bugun, ta goge bakin firintar. Ba abin da ya sauya. A ƙarshe ita ma zuciyarta ta karaya, ta rubuta abin da har yau take jin kunyarsa:

"Ka san garin nan da zafi, ka sa na saya. Mahaifina ba ya barci. Kar ka sake kirana."

Ya amsa: "Na ji, ba zan kira ba. Amma da irin firintar nake aika kayan Mama, a zafin nan, ko ɗaya bai dawo ba. Turo mini hoton kwali ɗaya kawai."

Ba ta tura ba. Fushi ya fi sauƙi a kan bincike, kuma yara ba su san haka ba sai sun biya kuɗinsa.

Kasuwar intanet ɗin da suke ciki ta rufe musu shafi saboda yawan ƙorafi. Araceli ta karanta wa mahaifinta saƙon da safe. Ya ce ta maimaita. Tana cikin maimaitawa kofin ya faɗi daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Ni na ɗauke shi zuwa mota. Likita ya ce ɓarin hagu ya shanye.

A filin ajiye motoci na asibitin ta zauna tana kuka, kanta a kan sitiyari. Da ta ɗago, idonta ya faɗa kan sitikar nan. Duk bazarar tana cikin mota a rufe, rana na dukanta ta gilashi. Ta yi duhu, ta koma kalar toka gaba ɗayanta, daga baki zuwa baki, amma BARKONONA na nan ana karantawa. Ta fita ta buɗe bayan mota ta ɗauko kwali ɗaya cikin waɗanda suka dawo. Baƙin a wuri biyu yake, ƙirin, kan adireshin mai saye da kan lambar. Adireshin gidansu a kusurwar sama fari tas, ko ɗigo babu. Ta duba na biyu, ta duba na uku. Duka haka.

Rana ba ta zaɓar inda za ta ƙona. Wanda ya yi wannan so yake kayan su dawo gida, dattijo ya gani.

Ta rubuta wa Teng: "Na zalunce ka, ga Baba a asibiti. Ka zo garejin maƙwabcinmu gobe da tsakar rana. In ba ka zo ba, ban ga laifinka ba."

"Zan zo. Yaya jikin Baba?"

Washegari ta buga sitikun tsofaffin abokan cinikin da ke yin oda ta waya, ta liƙa, ta ce wa Rigo ya loda ya kai, ita ta tafi asibiti. Ta zagayo ta shigo garejina, inda ni da Teng muke jira. Akwai ƙofar da ta haɗa garejin da ɗakin kayansu. Ba mu jima ba muka ji ƙugin injin hura zafi. Na buɗe.

Rigo yana durƙushe, kwalaye jere a gabansa. Ya rufe kusurwar sama da tafin hannu, yana kara injin a ƙasa. Da ganin hannun ka san ya saba.

"Rigo," in ji ta.

Ya saki injin. Ya dubi Teng, ya dube ni. "Bakin kwali nake liƙewa."

"Da wuta? A kan adireshi?"

Ya ce, "Ni na riga shi, Celi. Ni na ɗauki buhunan gidan nan tun ba ki iya ɗaure takalmi ba. Kaɗan na yi niyya, har a kore shi."

"An kore shi tuni. Me ya sa ba ka daina ba?"

"Ke kin daina kuka a kansa?"

Teng ya matsa, na zaci duka zai kai. Sai ya sunkuya ya zare wayar injin daga bango. "Mutumin da ya riƙe ka a coci yana kwance ba ya iya riƙe cokali," ya ce. "Ba ni ka ƙona ba."

Araceli ce ta gaya wa mahaifinta, da kwalin a hannunta. Ya daɗe yana kallon kusurwar nan fara. Hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Da ƙyar maganar ke fita.

"Kira... yaron."

Teng ya shigo ya tsaya a bakin gado.

"Injin... ka gyara?"

"Lafiyarsa ƙalau, Don Eusebio. Bai taɓa lalacewa ba."

"To ni ne... na lalace." Ya nuna kujera da hannun dama. "Zauna."

Ya kamo hannun 'yarsa ya ɗora a kan na Teng, ya danne da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Ba za ka... kai ta nesa ba?"

"Nan zan zo, Baba. Akwai kwalayen da za a loda."

An ɗaura auren bayan an gama girbin inabi. Don Eusebio ya raka 'yarsa gaban limamin coci a keken marasa lafiya, ni nake turawa. Daga coci aka wuce gidan su Teng, dangi suka yi layi suna ɗaura wa ango da amarya farin zare a wuyan hannu, kowa da addu'arsa. Mahaifiyar Teng, da ta gama da su, ta zo ta durƙusa ta ɗaura ɗaya a shanyayyen hannun dattijon. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Bai janye ba.

"Barkonona, kuka kuma?" in ji Teng a hankali.

"Barkono ne ya shiga idona, Injiniya."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana. Shagon bai koma yadda yake ba, kasuwar ba ta sake buɗe musu shafi ba, sai nasu ƙarami suka gina. Firintar tana nan tana aiki. Hannun Don Eusebio bai tashi ba, ba kuma zai tashi ba.

Rigo kuwa, an karɓe makullin motar tun ranar da aka kama shi. Don Eusebio ya aika masa cewa kar ya sake kiransa Padrino, kar kuma ya zo jana'izarsa. Ba mai sana'ar da ya yarda ya ba shi tuƙi a unguwar. Yana garin Bakersfield yanzu yana lodin kankana a rana. Mahaifiyarsa ta zo bikin ita kaɗai, ta zauna a bencin baya, ba wanda ya tambaye ta ɗanta.