Marken da Na Yi wa Tsirara

Ku matso kusa. Yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya.

Kun ga Baffanku, mahaifina, da ƙafa biyu yake zuwa masallaci. To, saura ƙiris ta zama ɗaya. Shekara bakwai ke nan. Gyambo ya kama shi a ƙwauri, ya ƙi allura, ya ƙi ƙwaya. Likita ya ce in ba a ga sauƙi ba cikin kwana goma, sai yankewa.

Lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, inda muke renon ƙwayoyin cuta a farantin gilashi, mu ɗiga musu magani mu ga ko za su mutu. Na ɗebo na ƙafar Baba. Duk abin da na ɗiga musu, ko gezau. Sai wani tsoho mai magani, Na'Allah, ya ba ni ɗan sassaƙen marke. Na jiƙa, na tace, na ɗiga. Washegari na tarar duk kewayen ɗigon ya yi fes. Wallahi sai da na yi hawaye.

Na koma na tambaye shi inda bishiyar take.

"Bakin tsohon rafi. Ka yi mata sallama. Ka sassaƙi gabas kaɗan, yamma kaɗan, ka shafe wurin da laka."

Na ce to. A raina kuwa na ce ai sinadari ne, irin baurin nan na bagaruwa, ina ruwansa da sallama? Ɗan boko ke nan. Buhu guda na ɗauka.

Da rana tsaka na isa, ni kaɗai. Na sa gatari na sassaƙe bishiyar a zagaye, tun daga gindi har iya inda hannuna ya kai. Ina ɗaure buhu na lura tsuntsaye sun yi tsit. Ko ganye ba ya motsi.

"Sannu da aiki."

Wata tsohuwa ce a bayana. Bakinta a rufe. Muryar daga cikin rassa take saukowa. Na sunkuyar da kai, sai na ga yatsun ƙafarta sun nutse cikin ƙasa kamar saiwa. Ƙwaurinta duka biyu babu fata, jawur.

"Ƙafa nawa za ka warkar, ɗan nan?"

"Ɗaya, Iya."

"Ɗaya. Shi ne ka kwashe na mutum ɗari?"

Ba faɗa take yi ba. Gajiya ce kawai a muryarta. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

"Na buhun nan ba zai yi maka ba. Ungo." Ta miƙo min guntun sassaƙe, bai kai tafin hannu ba. "Amma daga yau ciwona da nasa ɗaya ne. In an rufe nawa, nasa ya rufe."

Ban san yadda na kai gida ba.

Na gwada na buhun. Launi ɗaya, bauri ɗaya, amma ko ƙwayar cuta guda bai kashe ba. Guntun nan kuwa, da shi muka riƙa wanke ƙafar. A kwana na tara likita ya duba ya ce an fasa yankewar.

Na ɗauka shi ke nan. Bayan wata guda, gyambo ya sake buɗewa. Na koma rafi, na yi sallama, na kwaɓa laka na shafe bishiyar kaf. Kafin in dawo, ciwon ya bushe.

Tun daga nan duk Juma'a sai na je. Ruwa ya wanke lakar, rana ta farfasa ta, in sake. An kira ni aiki a birni sau biyu, na ƙi. Ɓawon yana dawowa, amma faɗin yatsa guda a shekara. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba.

Kada wanda ya bi hanyar rafin nan shi kaɗai. Kuma kada ku gaya wa Baffa. Shi har yau cewa yake ilimin ɗansa ne ya warkar da shi.