Shingen Gonar Gwaggo

A wani ƙauye can da, ’yan agajin masallaci sukan kai wa wata tsohuwa hatsi kowace Juma’a. Su kawo, ta ci, ya ƙare. Su kawo, ta ci, ya ƙare.

Ran nan suka ce, “Mun sami lada, mu tafi.” Ɗayansu ya ƙi tashi.

Ya ce, “Gwaggo, ba ki da gona ne?”

“Akwai, ɗan nan. In na shuka, awaki su cinye. Tun rasuwar maigidana shingen ya faɗi, ba wanda ya taɓa tambaya.”

Sai ya kira gayya, suka sari ƙaya, suka kewaye gonar.

Da kaka ta yi, suka kawo hatsi. Ta tare su da dami a ka, ta ce, “Yau wa za mu kai wa?”