Ƙwaya Biyu, Zuciya Ɗaya

"Ka gaya wa 'yarka, muddin ina numfashi ba za ta auri mai gyaran fanka ba!"

"Baba, ka ce wa Mama shi nake so..."

Tela ya dafe kai. Tun da uwa da 'ya suka shiga gaba ya koma ɗan aike, shi da likita ya ɗora wa ƙwayar daidaita bugun zuciya.

Da safe matarsa ta ba shi ƙwayar, ya haɗiye. Yana zama kan keke sai ga Auta a ƙofar shago da kofin ruwa.

"Babana, na san ba wanda ya tuna da maganinka."

Ya dubi idanunta da kuka ya kumbura. Ya ce uwarta ta riga ta? Ai a gidan nan wannan ma ɗaukar ɓangare ne. Ya haɗiye ta biyu. Namijin duniya! Haka aka yi ta yi, safe da yamma.

Ran nan yana zura zare, allura ta koma biyu. Ƙirjinsa ya hau fat-fat, gumi ya karyo, ƙasa ta taso ta tarye shi.

A asibiti yana jin muryoyi sama-sama.

"Bugun ya rikice ƙwarai," in ji likita. "Ƙwaya nawa yake sha?"

"Ɗaya, ni ke ba shi!" Uwa da 'ya suka faɗa tare.

Suka dubi juna.

"Innalillahi... Mama, mun kashe shi!"

"Maganin ya yi masa yawa. Ku ba mu wuri!"

Aka ɗura masa maganin karya ƙarfin ƙwayar ta jijiya, aka manna masa faifan lantarki a ƙirji. Na'urar da ke kansa ta tsala ƙara. Ya so ya ce su yafe masa, harshe ya ƙi.

"Kowa ya janye hannu!"

Duhu.

Da ya farka, ƙirjinsa na zafi kamar an ɗora masa dutsen guga. Matarsa na riƙe da yatsunsa, Auta ta kifa kai a kafaɗarta.

"Haba abin ƙaunata..." in ji matar, "bakinka ciwo yake? Ka zaɓi mutuwa a kan ka yi magana?"

"Na ga ta fi sauƙi," ya ce da ƙyar.

Likita bai yi dariya ba. "Saura ƙiris. Daga yau hannu ɗaya zai riƙa ba shi magani. Wace ce?"

Matar ta share hawaye, ta dubi 'yarta.

"Ke ce, Auta. Ki lallaɓa mini shi ya kai ranar ɗaurin aurenki."